Laifin Nan Nawa Ne

Shafi na 23

To, a rage hayaniya, ga ni.

Kwana huɗu ban sa komai ba, har wani ya rubuta a ƙasan shafi na 22 wai ko tsohon ya tafi ne. Ban tafi ba. Guguwar tekun Ise da ta cinye garuruwa ba ta tafi da ni ba, gobarar gareji ba ta tafi da ni ba, likitan da ya yanke rabin tumbina ma da ni aka raka gawarsa. Gwiwa ce kawai ta matsa mini. Wanda kuma ya ce ƙarya nake shirga muku, ya je ya nemo mini mutum ɗaya da ya tsaya a ɗakin nan a ranar. Duk sun mutu. Ni na rage, ni Okuno Tomekichi, shekara tamanin da huɗu, da haƙorana goma sha ɗaya.

Mun tsaya a safiyar Laraba, kakar 1984, ranar da alƙalan gasa suka kira mu a kan fiffiken.

Sababbin zuwa, sau ɗaya zan faɗa. Motar tsere mai kujera ɗaya tana da fiffike a bayanta, ba don ta tashi ba, don iska ta danne ta ƙasa tayoyi su kama kwalta a kwana. Amfaninsa ke nan. Illarsa kuwa, in an fito miƙaƙƙiyar hanya sai ya riƙe motar, kamar mai gudu da buɗaɗɗiyar laima. Kowa a filin tsere na Suzuka ya san abin da ake nema: fiffiken da zai tsaya a kwana, ya kwanta a miƙe. Kowa kuma ya san doka ta hana. Ta ce fiffike kada ya motsa. Yadda suke gwadawa, su ɗora ƙarfen awo mai kilo hamsin a tsakiyarsa, in ya lotsa kaurin fensir an kore ka.

A tsakiyarsa fa. Ita kuwa iska ba ta karanta dokar ba. Ba tsakiya take zama ba, bakin baya take kamawa tun daga wannan gefe har wancan.

Nawa fiffiken, ka ɗora masa kilo hamsin, ka hau kai da matarka, ko gezau. Amma da motar ta haura gudun kilomita ɗari biyu a awa sai ya murɗa kansa a hankali ya kwanta wa iska. Direba na taka birki ya miƙe tsaf, kamar bai san an yi ba. Da shi ɗan garejinmu na Maigida Inagaki, mu goma sha huɗu har da mai dafa shayi, muka ci tsere uku a jere a gaban masu manyan masana'antu.

Ni na yi shi. Ba a makaranta na koya ba, aji huɗu na yi aka cire ni. A Shiroko, wajen masu ƙera jiragen kamun kifi, wata rana ƙyallen gilashi mai kyau ya ƙare mini, na tattara ragowar yanka na shimfiɗa su a karkace, na shafe da ƙaro, na yi murfin rumbun kifi. Duk wanda ya taka murfin nan sai ya murɗe gefe guda. Ubangidana ya sauke mini ƙotar guduma a ƙeya. Shekara ashirin ina riƙe da dukan nan a rai, sai da na ga fiffiken mota na gane kyauta ya yi mini.

Amma jaridun tsere me suka rubuta? Fiffiken Shinkai.

Shinkai Masahiko, injiniyanmu, ɗan jami'a daga Tokyo, shekara talatin da ɗaya. Shi ya zana siffar a takarda, ya rubuta ƙyalle falle biyar, ya buga hatiminsa. Bai ce ta wace fuska za a shimfiɗa su ba, ni kuma ban tambaya ba. Sau uku ana ɗaukar hotonsa a jikin motar, ya harɗe hannu yana kallon nesa kamar wanda ya gano teku. A ɗaya daga cikin hotunan ana ganin gwiwar hannuna a gefe. Matata Kinuyo ta yanke gwiwar da almakashi ta liƙa a jikin firji, wai ga mijinta a jarida.

Sensei nake kiransa, wato malam. Ku kun san da wace murya.

To, da safen nan ina kankare ƙaro a farcena, sai ga mutum ya shigo gareji da baƙar kwat, kansa ƙwal kamar dafaffen ƙwai. Sai da ya yi gaisuwa na gane shi. Shinkai ne. Gashin nan da yake shafa wa mai sau uku a rana, ba ko ɗaya.

Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Ba wanda bai san ma'anar irin wannan aski ba, a wajenmu askin mai zuwa amsa laifi ne.

Maigida ya tara mu ya yi bayani. Jiya awa uku ya yi a zaune da shugaban alƙalai, tsoho Nakaseko. Manyan garejin da suka kai ƙararmu sun kawo hoton motarmu a miƙaƙƙiya, fiffike a kwance ƙuru-ƙuru. Alƙalai sun ɗora ƙarfensu sau shida bai motsa ba. Sun bi littafin doka gaba da baya, babu layin da muka taka. Amma manyan garejin nan ba za su koma gida da kunya ba, su ma alƙalan haka. Sai aka yi irin tamu. Za a gyara dokar daga baɗi, nasararmu uku ta tsaya, amma wanda ya yi fiffiken ya fito gaban jama'a da ƙarfe biyu na rana, ya sunkuya, ya ajiye katinsa na shiga fili, ya bar harkar tsere a ƙasar nan har abada.

Shinkai ya ce shi ne.

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Har wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina, a sauka lafiya Sensei, a gai da mutanen Tokyo. Na koma kan aikina ina 'yar waƙa.

Daɗin bai kai ƙarfe sha ɗaya ba.

Na fita bayan gareji in sha taba, sai na tarar da makanikan maƙwabtanmu, waɗanda suka kai ƙarar fa, sun zauna a kan tayoyi suna hira. Ba zagin Shinkai suke yi ba. Ɗaya yana cewa yaron nan shu'umi ne, alƙalai shida ya zagaye su da fensir ɗaya. Ɗaya ya ce shi tun farko ya san ba ƙaramin kai ba ne, nan da shekara hamsin ana maganar fiffiken Shinkai. Sai babbansu ya hango ni.

"Tome-san, kai da kake shafa masa ƙaro, bai taɓa ɗan gutsura maka sirrin ba?"

Tabar ta faɗo daga bakina.

Ina juyowa kuma na ga wani dogon Bature, mutumin Ingila, ya tare Shinkai a bakin ƙofa yana miƙa masa kati da hannu ɗaya, kamar mai ba kare ƙashi. Tafintansa yana cewa in an rufe masa ƙofa a nan, akwai ɗaki da tebur suna jiransa a can.

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta.

Nasara ana iya cewa ta direba ce, ko ta inji, ko sa'a ce. Amma laifi mai shi ɗaya ne. Duk wanda ya sunkuya da ƙarfe biyu, shi ya yi fiffiken, an buga hatimi an rufe littafi. Mun saba da kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wannan gardin ya kwashe kuɗin, ya dawo zai kwashe bugun ma.

Da tsakar rana na sami Shinkai a bayan tulin tayoyin ruwan sama, zaune a kan akwatin kayan aiki, kwanon abincinsa a cinya ko buɗewa bai yi ba.

"Sensei, an sha aski."

"An sha, Tome-san."

"Ya yi kyau. Yanzu iska za ta wuce ba tangarɗa. Ka auna gudun?"

Bai yi dariya ba. Ya matsa mini wuri, na ƙi zama. Na tambaye shi laifin me zai je ya amsa. Ya ce na fiffike. Na ce wane ɓangare na fiffiken, fentin ko lambar da aka liƙa?

Ya ajiye kwanon. Ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da wani abu naɗe a hankici, ya warware a tafin hannunsa. Guntun ƙyallen gilashi ne, fari fat, an ƙone ƙaron jikinsa da wuta har zaren ya fito fili. Falle biyar. Na biyu da na huɗu a karkace, duk fuska ɗaya suka kalla.

Aikina ne. Ko a duhu na taɓa shi zan gane.

"A kwandon shara na tsinta," in ji shi, "tun watan Afrilu. Daga gwajin farko na san lissafina bai kai wannan gudun ba. Lissafi ba ya yi wa mutum gyara."

Wata shida ya sani. Wata shida yana tsayawa a gaban masu hoto yana kallon nesa.

Na ce me ya hana shi tambayata.

"Da ka gaya mini?"

Nan ya kama ni. Ba a tambayar sana'a, da ido ake sace ta, ni ma haka na saci tawa. Da ya tambaya da na aike shi ya sayo mini taba.

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa zato ba. Ashe ɗaki ya kama a Yokkaichi, duk ranar hutu can yake tafiya ya kulle kansa da ƙyalle da ƙaro. Ya auna karkatar zarena har rabin digiri. Fiffike goma sha ɗaya ya yi. Bakwai sun ƙi kwanciya, uku sun kwanta sun ƙi tashi, ɗaya ya tsage biyu. Ya buɗe mini hannuwansa, ƙaro ya cinye fatar yatsun, duk sun saɓule sun yi ja. Ashe abin da yake ɓoyewa ke nan in ya harɗe hannu a hoto.

"Shekara shida na yi ina karatun iska," ya ce. "Kai ka lashi yatsa ka ɗaga sama. Ka san yadda nake ji in na ga kana shafa ƙaro kana waƙa? Sai in koma gida in kasa haɗiye shinkafa."

Kun ji ko? Ku sake karanta layin nan. Ɗan jami'a, mai takarda a bango, ni yake kishi. Ni mai aji huɗu. Da a nan ya tsaya, na rantse da kabarin uwata da na buɗe kwanon nan na ba shi a baki.

Sai ya ɓata.

"Ni in an kore ni ina da takarda. Kai fa? Shekara arba'in da uku, ba ka da ko'ina sai garejin nan. Ka bar ni in ɗauka."

"Au, tausayina kake ji."

"Na ci yabon da ba nawa ba. Bari in haɗa da wannan."

"Da katin Bature a aljihu."

Ya kawar da kai. Kunnuwansa suka yi ja, tunda kuma babu gashi, har ƙeya ake ganin jan yana hawa.

"Dube ni, Sensei. Ka ce mini ba ka so a ce kai ne."

Ya daɗe yana kallon guntun ƙyallen.

"Ina so," ya ce. "Ko na rana ɗaya ne."

"In ka je Ingila suka miƙa maka ƙyalle da ƙaro fa?"

"Sai in yi na goma sha biyu."

Ya naɗe hankicinsa ya mayar aljihu, aljihun da katin yake.

Maigida ya ga fitowata daga bayan tayoyin, ya ga fuskata. Ya ja ni gefe ya dafa kafaɗata, ya ce da ƙarfe biyu in zauna a gareji in lura da kaya, kowa zai hau sama wajen alƙalai. Ya ce ni ne ginshiƙin gidan nan, kowa ya sani. Na ce wane kowa, a kira mini sunan mutum biyu. Ya ce suna ba ya ƙara wa mota gudu, in yi haƙuri, in tuna mutanen da suke ci a ƙarƙashin rufin nan.

Na je wayar bakin ƙofa na kira Kinuyo. Na ce mata wataƙila yau in dawo gida ba aiki. Ta ce tun da ta aure ni nake neman wanda zai kore ni ban samu ba. Na ce yaron har aski ya yi. Ta ce to ni me zan aske, wuta ta riga ta yi mini nawa tun shekara goma. Ta ce in dai zan hau, in canja riga.

Ban canja ba. Da rigar aikina na hau, ƙaro ya bushe a gabanta kamar ɓawon itace.

Ɗakin a saman hasumiyar alƙalai yake. Na tsaya a bakin ƙofa ina leƙe. Dogon tebur, alƙalai shida, Nakaseko a tsakiya da ƙafarsa da ba ta lanƙwasuwa tun haɗarin da ya yi yana direba. Masu manyan gareji a jere a kujerun gaba, 'yan jarida a baya, namu mutanen a tsaye a jikin bango. Fiffikena a kan teburin, ƙarfen awo a gefensa.

Shinkai ya karanta takardarsa. Ya ce shi kaɗai ya tsara, shi kaɗai ya sani, ya bi harafin doka ya bar manufarta, ya jawo wa gasa abin magana. Ya ajiye takardar da jan hatiminsa a ƙasa, ya cire katinsa daga wuya ya ɗora a kai. Sannan ya ja baya taku biyu, ya durƙusa, ya kai goshi ƙasa.

Ban taɓa ganin sunkuyo mai kyau irin wannan ba. Bayansa a miƙe kamar an ja da awo. Masu hoto suka hau ɗauka, hasken yana walƙiya a kan ƙwalƙwal ɗin nan. Masu garejin da suka kai ƙara har gyaɗa kai suke yi. Na damƙe bakin ƙofar. Wurin nan da goshinsa yake, wurin goshina ne.

Na tura ƙofar.

"Ƙarya yake yi."

Duk ɗakin ya juyo. Nakaseko ya cire tabarau ya tambayi wane ne wannan, alhali shekara goma sha biyu muna gaisawa a layin sayen taliya.

"Ranka ya daɗe, laifin nan nawa ne. Ni na yi fiffiken da hannun nan. Wannan yaron ko murfin rumbun kifi ba zai iya murɗawa ba."

Na cire katina na ɗora a kan nasa.

Wani ya yi dariya a baya, aka harare shi. Nakaseko ya ce shekara talatin yana zama a teburin nan, ya ga mutane suna tura wa juna laifi kamar garwashi, amma bai taɓa ganin biyu suna kokawar ɗauka ba. Ya ɗauki katina, ya mayar da tabarau, ya nisanta shi da fuska. Ya daɗe yana dubawa.

"Okuno-san, ka san abin da aka rubuta a nan?"

"Sunana."

"Ƙasan sunan."

Manyan haruffa uku ne a wurin, irin masu ƙafafu da yawa. Ni ƙanana nake karantawa, su ma da yatsa. Tun ranar da aka rataya mini katin na ɗauka cewa aka yi ƙwararre, don me kuma za a rubuta?

"An rubuta mai shara," in ji Nakaseko.

Bai faɗa da izgili ba. Da ma ya yi izgilin.

Ya yi bayani a hankali, kamar mai karanta wa mara lafiya takardar magani. Duk wanda zai ƙera wani sashe na motar gasa sai yana da shaidar ƙwarewa, ita kuma sai an zauna jarrabawar rubutu. Garejin Inagaki bai taɓa kawo sunana a wannan layi ba. A layin masu shara da wankin taya nake.

Shekara goma sha biyu abin nan yana lilo a ƙirjina. Duk wanda ya sunkuya ya ce Tome-san ina kwana, idonsa a kai yake sauka. Mai gadin ƙofa ya karanta. Mai sayar da taliya ta karanta. Na waiga jikin bango, mutanenmu goma sha biyu kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Shinkai yana durƙushe, ya rufe ido. Shi ma ya sani. Ba wanda ya taɓa gaya mini, wai don kada a kunyata ni.

Nakaseko ya ci gaba. Ya ce mai shara ba zai iya ɗaukar laifin fiffike ba. In kuwa da gaske mai shara ne ya ƙera shi, to wannan dokar tana da layi tana da lamba, motar ba ta cika sharaɗi ba tun farkon shekara, nasara ukun sun tafi. Masu kujerun gaba suka gyara zama. Nakaseko ya juya wajen Maigida.

"Inagaki-san, wa ya yi fiffiken nan?"

Maigida ya miƙe. Mutumin da na goyo a bayana na fito da shi daga gobarar gareji, gashina yana ci da wuta. Bai dube ni ba.

"Ranka ya daɗe, a yi masa uzuri. Mai shararmu ne, ya daɗe da mu. Warin ƙaro ne ya taɓa masa kai."

Wannan karon dariyar ba mutum ɗaya ba ne, kuma ba wanda aka harara.

Na bari suka gama. Ni da na kwana biyu a kan murfin jirgi a guguwar Ise, ruwa yana wucewa da gawar maƙwabtana, dariyar masu kwat ce za ta kayar da ni?

Na ce ranka ya daɗe, tambaya ɗaya zan yi wa mai fiffike. Nakaseko ya ɗaga hannu, ɗakin ya lafa.

"Sensei, gefen hagu, kamu ɗaya daga ƙarshe. Me ke ciki?"

Shinkai ya ɗago. Goshinsa ya kwaso ƙurar dabe.

"Soso."

"Soso kawai?"

"Soso kawai. Haka yake a zane."

Ku 'yan birni ba ku san wannan ba. Maƙerin jirgi ba ya sakin jirgi a ruwa sai ya sa masa rai. Ranar ƙarshe zai kori kowa, ya rage shi kaɗai, ya fafe ɗan rami a jikin jirgin, ya sa abin da ake sawa, ya toshe ya shafe. Ba a faɗa, ba a nunawa, ba a buɗewa. In aka buɗe, ran ya fita, abin da ya rage katako ne. Jirgi sittin da ɗaya na yi wa haka a Shiroko, ko ɗaya bai nutse ba. To motar da za ta yi gudun ɗari biyu da tamanin da ɗan mutane a ciki, kuna tsammanin zan sake ta hannu rabbana?

Na dubi alƙalan ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai gashin matata a ciki, sili bakwai, ɗaure da jan zare. Akwai 'ya'yan lido biyu na itace da na sassaƙa da wuƙata. In aka buɗe babu, ku ba ni tsintsiya in share filin nan daga ƙofa zuwa ƙofa har in mutu. A kawo zarto."

Ba wanda ya yi dariya. Nakaseko ɗan masunci ne daga Toba, ya san wannan al'adar. Ya daɗe yana kallon gefen hagun fiffiken. Sannan ya ce wa na kusa da ƙofa ya sauka ya karɓo zarto a gareji mafi kusa.

Minti huɗu aka yi ana jira. Na ƙirga a agogon bango.

A cikinsu Maigida ya matso bayana, bakinsa a kunnena. Ya ce Tome, mutum goma sha huɗu. Ya ce in nasarar nan ta tafi masu tallafa mana za su tafi, kafin sanyi ya shigo an rufe garejin. Ya ce in ce wasa nake yi, in ce giya na sha, gobe da safe shi da kansa zai canja katin. Na ce ya rubuta me a sabon, babban mai shara?

Aka kawo zarton. Nakaseko bai ba kowa cikin alƙalansa ba. Ya juya shi ya miƙo mini ƙotar.

"Naka ne, in ji ka. Kai za ka buɗe."

Na karɓa. Na auna kamu ɗaya daga ƙarshe da hannuna, na sa farce na yi alama.

Shinkai ya tashi daga ƙasa. Ya zo ya ɗora saɓulallen hannun nan nasa a kan fiffiken, dab da alamar.

"Tome-san," ya ce, ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, "na yarda naka ne. Ni na sani, kai ka sani. Bai isa ba?"

Na dubi masu hoton da suka taru a bayansa, kowa ya ɗaga na'urarsa. A wannan karon ni suka saita, ni gaba ɗayana, ba gwiwar hannu ba.

Na ɗora haƙoran zarton a kan alamar. Tsakaninsu da ɗan yatsansa bai fi ƙwayar shinkafa ba.

"Sensei, ɗauke hannunka."

Bai ɗauke ba.

Zarton ƙasarmu a ja yake ci.

Na ja.